Sabis a cike, intanet a tsaye: abin da za ka taɓa a saitin AP da abin da za ka ƙyale

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manaja ne a wani masaukin baƙi a Hotoro, bene mai hawa ɗaya, ɗakuna 26 da ɗan zauren taro. Mun ja intanet mai ƙarfi, muka sa na'urorin watsa Wi-Fi, wato AP, guda huɗu, biyu a ƙasa biyu a sama. Sabis a cike yake ko'ina, amma da an yi Isha'i sai komai ya tsaya, kuma kiran WhatsApp yana yankewa in mutum ya hau sama. Yaron da ya haɗa mana ya ce ya ƙure ƙarfin kowacce. Alhaji mai gidan yana so a ƙaro biyu. Na buɗe shafin saitin ƙwararru na ga abubuwa birjik, ban san wanda zan taɓa ba. A taimaka.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam manaja. Ka ba Alhaji haƙuri ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna. Gida mai ɗakuna 26 yana iya buƙatar ta biyar wata rana, amma in aka ƙaro biyu a kan saitin da kuke da shi yanzu, cunkoso za a ƙaro. Inda ka ce yaron ya ƙure ƙarfin kowacce, a nan na ga bakin zaren. Na daɗe ina wannan aiki a otal-otal da makarantu da ofisoshi a cikin Kano, kuma kusan duk inda aka kira ni da irin wannan kuka, abin da nake fara tararwa ke nan.

Kafin ka taɓa komai, ka raba gardama tsakanin layin intanet ɗin da Wi-Fi ɗin, domin mutane kuɗin goro suke yi musu. Da misalin ƙarfe tara na dare, daidai lokacin da abin ya cije, ka ɗauki laftof ka jona ta da kebul kai tsaye a jikin rauta, wato na'urar da layin intanet ɗin ya shigo cikinta, ka gwada gudu. In a kebul ɗin ma rarrafe ake yi, layin da kuka ja ne ya cika, zan taɓo wannan can gaba. In kuwa kebul yana gudu, ka zare shi ka hau Wi-Fi, ka yi ping zuwa adireshin rautarku, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ping ɗan saƙon gwaji ne da ake turawa a jira amsa, wannan kuwa ko ƙofar gida ba ya fita. A gidan da ke lafiya amsa tana dawowa ƙasa da milisakan 10. In ka ga tana tsalle 300, 800, wani sa'in ta ɓace ɗungurungum, to ciwon yana cikin iskar gidanku, kuma shi na fi zato.

Abu ɗaya nake so ka riƙe, sauran saitin duk daga gare shi suka fito. A kan tasha ɗaya, wato mitar da Wi-Fi ke watsawa a kai kamar tashar rediyo, na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda. Kamar zaman dattawa a zaure ne: kowa ya kasa kunne, in wani yana magana a yi shiru har ya dire, sannan wani ya karɓa. Waya haka take yi, AP ma haka. Kuma wannan doka ba ruwanta da mai na'ura. In ta maƙwabcinku tana kan tasharku kuma kuna jin ta, ku ma sai kun jira ta gama. Sandunan sabis da kake gani a fuskar waya suna gaya maka yadda wayar ke jin muryar AP ne kawai, ba su san mutum nawa ke jiran a ba su dama ba.

To dubi abin da ƙure ƙarfi ya jawo muku. Na'urori huɗu a gini ɗaya, kowacce ta buɗe maƙogwaro, kowacce tana jin 'yar'uwarta ta cikin dekin. Duk biyun da suka haɗu a tasha ɗaya sun zama zaure ɗaya, alhali kuɗin biyu aka biya. Sannan Wi-Fi hira ce, akwai tafi akwai dawo. AP tana jone da wuta, ga eriya manya. Waya kuwa ɗan batiri ne da eriya kamar farce, tana damƙe a tafin hannu ko tana can cikin aljihun babbar riga. Baƙon da ke ɗakin ƙarshe yana jin AP raɗau kamar lasifikar masallacin unguwa, amma shi in ya amsa muryarsa ba ta isa. Sai a ce ya maimaita, ya maimaita, a sake cewa ya maimaita a hankali, duk a cikin lokacin sauran jama'a.

Ka nemi layin da lambarsa ke da dBm a baya, shi ne ƙarfin watsawa. 20 dBm miliwat 100 ne, kuma duk ragin 3 rabi ne: 17 miliwat 50, 14 miliwat 25. Zango biyu AP ɗinku ke watsawa a kai, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma a gini irin naku ina farawa da zangon 2.4 a kan 11 zuwa 14, zangon 5 a kan 17 zuwa 20. In na'urarku ba ta ba da lamba sai matakai uku, ka sa 2.4 a na ƙasa, 5 a na tsakiya. Dalilin bambancin shi ne zangon 5 ya fi saurin gajiya a hanya da jikin bango. In ka bar su kunnen doki, waya za ta ga 2.4 ya fi ƙarfi ta maƙale masa, can kuwa ne kasuwa ta cika.

Daga nan sai tafiya da ƙafa, wannan zuwa da kai ya fi aike. Ka sa manhajar auna sigina a wayar Android, irin WiFiman, ka shiga ɗaki-ɗaki. Ka rufe ƙofar, ka zauna a bakin gado inda baƙo zai zauna, kada ka tsaya a korido kana murna. Lambar tana da alamar ragi, saboda haka -60 ta fi -70 ƙarfi. Abin da kake nema a zangon 5 shi ne -67 ko abin da ya fi, a nan kiran murya da na bidiyo ke zama daram. -75 an fara kame-kame, -80 kuwa sunan sabis ne kawai. Ka lura da ɗakunan da banɗakinsu ke daf da ƙofa, yadda aka saba ginin otal. Siginar da ta taso daga korido sai ta keta bulo biyu masu tayil, da madubi, da tukunyar dafa ruwa, ga kuma ƙofar ƙarfe. Na sha ganin ɗaki biyu suna kallon juna, ɗaya lafiya lau, ɗaya sai an buɗe ƙofa.

Sai tashoshi. Na tabbata a kan zaɓin kai-da-kai suke, kuma a garinmu wannan yana da wata illa ta musamman. Yawancin ƙananan na'urori suna zaɓar tasha ne a lokacin da suka tashi: su saurara, su ɗauki wadda ta fi shiru. In an ɗauke wuta aka tayar da inji, duka huɗun tare suke tashi, a daidai lokacin babu mai magana a cikinsu, kowacce ta ji tasha kaza shiru ce, sai a yi karo a wuri guda. In kuna juya wuta sau uku a rana, sau uku ana sake wannan caca. Ka sa musu da hannunka.

A zangon 2.4 za ka ga lamba 1 zuwa 13, amma tazarar 5 MHz ce kawai tsakanin kowace lamba da mai bi mata, watsawa kuwa tana cin kusan 20. Shi ya sa guda uku ake amfani da su don kada a taka juna: 1, 6 da 11. Wasu masu wayo sukan sa 3 ko 9 don sun ga babu kowa a kai. An gudu ba a tsira ba. Na'urori biyu a tasha ɗaya aƙalla suna fahimtar juna su yi layi. Wadda ta raɓe a tsakiya kuwa hayaniya ce zalla ga na dama da na hagu, su ma hayaniya ce gare ta. Ku da kuke da huɗu dole biyu su haɗa tasha, sai ka haɗa waɗanda suka fi nisa da juna, ta ƙasa a gabas da ta sama a yamma. In ginin bai da tsawo sosai, ka kashe 2.4 gaba ɗaya a ɗaya daga ciki, babu abin da za ka rasa. Faɗin tasha a wannan zango 20 MHz ne, ba tayi. Duka zangon bai kai 84 MHz ba, wanda ya sa 40 ya cinye kusan rabin unguwa shi kaɗai.

Zangon 5 ya fi yalwa. Da farko ka tabbata an saita ƙasa a kan Najeriya. Kayan da ake shigo da su sukan zo da saitin Amurka ko Sin ko wata ƙasa, kuma a nan hukumar NCC ce ke da iko da mitocin iska. Jerin tashoshin da za ka gani ya danganta da wannan saiti da kuma kamfanin na'urar. In ka samu 149, 153, 157 da 161, a faɗin 20 MHz ga tashoshi huɗu nan, kowace AP da tata, babu mai jiran wata. In 36 zuwa 48 sun bayyana, to kana da sararin da za ka ba kowacce 40 MHz: 36 da 40 su zama ɗaya, 44 da 48 ɗaya, 149 da 153 ɗaya, 157 da 161 ɗaya. Abin da ba na so ka bari shi ne 80, wanda yawanci a kansa suke fitowa daga kwali don lambar da ke jikin kwalin ta yi kyau. Gaskiya ne waya mai eriya biyu a Wi-Fi 5 tana kaiwa 867 Mbps a faɗin 80, 400 a faɗin 40, 173 a faɗin 20. Amma 80 yana haɗiye tashoshi huɗun nan ya mayar da su ɗaya, kuma duk ninkin faɗi yana ƙara hayaniyar da na'ura ke ji da 3 dB, wato ɗakunan nesa su ke biyan kuɗin. Baƙon da ke kallon ƙwallo a wayarsa 5 zuwa 8 Mbps sun ishe shi. Me zai yi da 867?

Tashoshi 52 zuwa 64 da 100 zuwa 140 ana raba su da rada, na'urar hangen jiragen sama da yanayi, shi ya sa suke da dokar DFS: AP sai ta yi shiru na minti ɗaya tana saurare kafin ta hau, kuma in ta ji abin da ya yi kama da rada dole ta tashi nan take, duk wanda ke kai ya yanke. Ban hana amfani da su ba, sau da yawa su ne suka fi tsabta. Amma in ka sa sai ka ga sabis ɗin 5 yana ɓacewa yana dawowa ba dalili, ka buɗe rahoton na'urar ka duba ko ta rubuta ta ji rada.

Yanzu ga saitin da mutane ba su cika sani ba, kuma a wurina shi ya fi biyan wahala: mafi ƙarancin gudu. Shi ne jerin lambobi masu Mbps, daga 1, 2, 5.5, 6, 9, 11, 12 har zuwa 54. Waɗannan 1, 2, 5.5 da 11 gadon tsohon tsari ne, 802.11b na shekarar 1999. Ka taɓa shiga lungu a cikin gari, wajen Yakasai ko Mandawari, ka tarar ɗan ga-ruwa ya turo kura cike da jarkoki a gabanka? Ko babur ɗinka sabo ne dal a leda, tafiyarsa za ka yi har ya fita titi. Wayar da ke can bakin get tana magana a kan 1 Mbps ita ce wannan kura. Abin da wata za ta faɗa cikin ƙiftawar ido, ita sai ta riƙe tashar ninki hamsin.

Ba waya kaɗai ke wannan jan ƙafa ba, ita kanta AP tana yi. Kusan sau goma a kowane sakan, duk milisakan 102.4, tana yin shela: ga ni nan, sunana kaza. Kowane sunan Wi-Fi, wato SSID, da shelarsa daban, kuma da mafi ƙarancin gudun da ka bari ake yin ta. Mu yi lissafin bayan takarda. Shela mai bayit 300 a kan 1 Mbps tana cin kamar milisakan 2.5, sau goma 25 ke nan, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari na lokacin tashar. In kuna da sunaye huɗu, na baƙi, na ma'aikata, na Alhaji, na zauren taro, a kan AP biyu masu tasha ɗaya, shela takwas ke nan, kashi 20 ya tafi tun kafin kowa ya buɗe TikTok. Ba mu ma sa na maƙwabta ba. Ka ɗaga mafi ƙarancin gudu zuwa 12 Mbps, wannan kashi 20 ya koma ƙasa da 2. A zangon 5 ma ka sa 12. Sunaye kuma kada su wuce uku, in da hali biyu. Bayan ka canja ka gwada na'urar POS da firinta da kyamarori. Waɗanda ba su iya 12 ba sun yi ƙaranci ƙwarai yanzu, amma gara ka gano da safe da ka gano lokacin da baƙo ke tsaye da katinsa.

Maganar kiran da ke yankewa a kan matakala kuwa, kafin mu je saitin ƙwararru akwai abin da zan so ka duba, domin sau da yawa a nan gizo ke saƙar. Ka tsaya a ƙasa ka duba adireshin IP da wayarka ta samu, ka hau sama ka sake dubawa. In ya canja, to yaron ya bar kowace na'ura tana aikin rauta, kowacce tana raba adireshinta. Ƙananan hukumomi huɗu ke nan a gida ɗaya, duk wanda ya tsallaka iyaka sai an yi masa sabuwar takarda, kafin a gama kira ya tsinke. Rauta ɗaya ce tak za ta riƙa raba adireshi, ita ke da DHCP. Sauran duka a mayar da su aikin AP zalla, da suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, nau'in tsaro ɗaya. Ka kuma tabbata kowacce kebul ne ya je mata. In akwai wadda ta iska take karɓa tana maimaitawa da rediyo guda, rabin gudu ya tafi, kuma tana cin lokacin wadda take karɓa daga gare ta.

In wannan ya daidaita, ka sani waya ce ke yanke shawarar ƙaura daga AP zuwa AP, ba a ɗaukar ta a kai. iPhone, alal misali, ba ta fara neman wata sai siginar ta faɗi zuwa -70. Ka ga ke nan in ta ƙasa tana ihu har sama, wayar ba ta ga dalilin sakinta ba ko da tana tsaye a ƙarƙashin ta sama. Rage ƙarfin da muka yi ɗazu shi ne rabin maganin. Sauran rabin haruffa uku ne da za ka gani, 802.11k, 802.11v da 802.11r. Na k yana ba waya jerin maƙwabta don kada ta ɓata lokaci tana laluben tasha-tasha. Na v yana ba AP damar ce mata ga wadda ta fi miki kusa. Waɗannan biyu ka kunna su ba fargaba, in dai na'urorinku na kamfani ɗaya ne a ƙarƙashin manhajar kula ɗaya, irin UniFi ko Omada. Na r yana gajarta gaisuwar tsaro a lokacin ƙaura. Yana da kyau, sai dai wasu tsofaffin na'urori da kayan araha in suka gan shi sai su ƙi shiga sam; ka kunna shi a sunan baƙi, ka bar shi a kashe a sunan da POS da kyamarori ke kai.

Akwai kuma layin mafi ƙarancin RSSI, wato ƙarfin da AP ke jin waya da shi, wanda ke sa AP ta sallami duk wayar da ta yi nisa don ta nemi wata. Wuƙa ce mai kaifi. In ka sa -70 alhali akwai ɗakin da babu AP ɗin da ke kai masa -70, ka mayar da baƙon ɗakin ɗan gudun hijira, ko'ina ya je a kore shi. Ka bar shi na ƙarshe, bayan ka gama zagayen awo, ka fara da -78 ko -75.

Tsaro ba zan ja shi ba. A layin nau'in tsaro ka zaɓi WPA2 tare da AES, ko haɗin WPA2 da WPA3 in na'urorin sun iya. WPA3 tun 2018 ya fito, amma har yanzu akwai wayoyi a hannun mutane da ba su san shi ba, shi ya sa ban ce a sa shi shi kaɗai ba. In ka ga TKIP ka guje shi, ban da tsufa yana ɗaure gudu a 54 Mbps komai sabuntar na'ura. WPS, hanyar shiga da lamba ko maɓalli ba tare da kalmar sirri ba, a kashe: tun ƙarshen 2011 aka fallasa cewa lambarsa mai tsawon takwas ba ta wuce gwaji 11,000 a fasa ta. Ɓoye sunan Wi-Fi ba tsaro ba ne, wahalar da baƙi ne kawai. Ka kunna keɓe baƙi, don kada wayar ɗaki na 4 ta ga laftof ɗin ɗaki na 9, kuma in suwic ɗinku, akwatin da kebul ɗin na'urorin ke haɗuwa a ciki, ya iya VLAN, wato tsaga hanya gida-gida, ka raba hanyar baƙi da ta kwamfutar karɓar baƙi da na'urar kyamarori. Kalmar shiga shafin saitin kanta a canja ta daga wadda ta zo da ita. Ita kuwa kalmar sirrin baƙi, tunda wayoyin yanzu suna nuna ta da lambar QR, in ta kwana biyu sai ka ga samarin layi sun jeru a jikin katanga da daddare. Ko dai ka riƙa canja ta duk mako, ko ka kunna tsarin tikiti, kowane baƙo da lambarsa mai wa'adi. UniFi da Omada da MikroTik duk suna da shi.

Tunda kuna da zauren taro, ka duba yawan adireshin da rauta ke rabawa. Wasu ƙananan rautoci suna zuwa da 100 kacal, kuma sukan riƙe wa kowace waya nata na tsawon lokaci ko ta tafi. Ranar da aka yi taron bita ko walima, mutum na 101 zai ga ya haɗu amma babu intanet. Ka faɗaɗa zuwa 200 da wani abu, wa'adin kuma ka mayar da shi awa biyu zuwa huɗu a hanyar baƙi.

Sauran abubuwan da ke wannan shafi, a bar kaza cikin gashinta. Tazarar shela a bar ta a 100. DTIM 1 zuwa 3 duk daidai ne, shi ke cewa bayan shela nawa wayar da ke barci za ta farka ta karɓi saƙon gama-gari. RTS a 2347, layin gutsuttsura saƙo a 2346, yadda suka zo. WMM kada ka kashe shi ko wa ya ce maka, shi ke gabatar da murya a kan sauran kaya, kuma in babu shi na'urori da yawa suna komawa gudun da. Na ga mutane sun kalli bidiyo sun bi waɗannan suna juyawa, aka yi gyaran gangar Auzinawa.

Akwai abubuwa biyu da ba sa cikin shafin saiti amma suna yin kama da matsalar saiti. Wata shekara cikin watan Afrilu aka kira ni wani ofis a Bompai, wai Wi-Fi yana mutuwa kullum bayan Azahar ya dawo da kansa wajen La'asar sakaliya. Na yi awa biyu a kan kwamfuta ina neman laifi ban gani ba, sai na ce a kawo tsani. Ashe mai kwalliyar ofis ya ce ba ya son ganin na'ura, aka tura ta cikin silin, tazarar hannu ɗaya da kwano. Da na miƙa hannu na ɗauko ta sai da na sake ta a kan kafaɗata, robar har ta fara yin ja, ramukan shan iskarta kuma ƙurar hunturu ta toshe su kamar an yaɓa ƙasa. Wasu na'urorin cikin ɗaki iyakarsu digiri 40 ne, a Kano kuwa inuwa ma tana kaiwa haka a bazara, balle ƙarƙashin kwano. AP a fuskar silin ake ɗaura ta, tana kallon ƙasa, nesa da tankin ruwa da bayan talabijin.

Na biyu kebul. Akwai wanda ake sayarwa da araha, alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe. Ka feɗe waya ɗaya ta cikin kebul ɗin ka kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki shi ne. Irin wannan yana zubar da wutar PoE, wato wutar da AP ke sha ta cikin kebul, a hanya, AP ta riƙa mutuwa tana tashi daidai lokacin da mutane suka yi yawa, don a lokacin ta fi jan wuta. Ka duba a shafin suwic ko kowace AP ta haɗu a 1000 Mbps ne ko a 100. Gudun 1000 yana buƙatar duka wayoyi takwas na cikin kebul, ɗaya ta sami matsala sai ya faɗo 100 shiru ba sanarwa. Ɗan abin gwajin kebul ba shi da tsada a Beirut Road, ya kamata masauki ya mallaki ɗaya. Tsawo kada ya wuce mita 100. Sannan ka karanta jikin suwic ɗin: 802.3af wat 15.4 yake bayarwa a kowace kafa, 802.3at wat 30, wasu sababbin AP kuwa in ba su sami na biyun ba sai su rage aiki ba tare da sun gaya maka ba. Rauta da suwic a ɗora su a kan inbata, don juyin wuta ya daina kashe su.

In gwajin farko ya nuna layin intanet ɗin ne ya cika, mafi yawa hanyar fita ce ke toshewa. Da baƙi sun dawo sun sa caji, wayoyinsu su fara tura hotuna da bidiyon yini zuwa ma'ajiyar Google ko Apple, hanyar turawa kuwa ta fi ta saukewa ƙunci a yawancin layuka. Ka sa wa kowane baƙo iyaka, misali 8 Mbps saukewa da 2 turawa, kuma in rautar tana da tsarin jera layi irin FQ-CoDel ko CAKE ka kunna shi, ka gaya masa gudun da ya ɗan gaza ainihin na layinku.

Kada ka juya duka a dare ɗaya. Ka fara adana kwafin saitin yanzu, sannan ka bi su kamar haka: aikin AP zalla da tashoshi da faɗi a daren farko, ƙarfi da zagayen awo a na biyu, mafi ƙarancin gudu da rage sunaye a na uku, kana maimaita ping ɗin nan da ƙarfe tara kana rubutawa a littafi. In bayan haka akwai ɗakunan da har yanzu ba su kai -70 ba da ƙofa a rufe, sai a koma wa Alhaji da lambobin a hannu. Hasashena guda ɗaya za ku saya, kuma a zauren taro za ta zauna, da tasharta ta kanta a zangon 5, ƙarfinta a ƙasa-ƙasa, mafi ƙarancin gudunta 24. In ka gama zagayen ka turo min lambobin ɗakunan da hoton abin da manhajar ta nuna a koridon sama, mu ga ko ta yamma ce za a kashe wa 2.4.